Layin da Na Sa Hannu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don rubutuna na 'yar aji huɗu ne, kuma ban iya faɗa ba. Amma raina ya ƙi sanyi.

Shekara biyu muna haya tare da wata mai sayar da magani, ɗaki biyu da falo. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce min Shiru-shiru. Ranar da muka kama gidan, ita ta riƙe takardar yarjejeniya, ta nuna min wani layi da farce.

"Sa hannu nan, ƙanwata."

Na sa. Kunya ta hana ni cewa a bari in karanta.

Ran Laraba na dawo daga shagon ɗinki na tarar da kayana a falo, cikin buhu uku. Har da labulen da na ɗinka da hannuna, an cire shi daga tagata.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙanwata ce za ta zo, ta gaske. Ki nemi wuri kafin Asabar."

"Ai tare muka kama gidan nan!"

Ta yi dariya. "Tare? To, Malama lauya, kira dillali."

Na kira shi. Ya zo yana sakace haƙori, ya buɗe takardar a kan firij.

"Ga mai haya, ita ce. Ga naki hannun a ƙasa. Karanta min abin da ke gefe."

Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, suna kallona. "Shai... da."

"Yauwa. Shaida kika yi mata cewa ta kama gida. Ke ba kya ciki, 'yata."

Ni da na yi wa banɗakin nan fenti! Ni da na yi jinyarta sati biyu!

"Yaya, kin sani tun ranar?"

"Wa ya hana ki karantawa?"

Na ja buhunana ɗaya-ɗaya na mayar ɗaki, tana ta surfa masifa. Dillalin ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya.

"Takarda ba ita kaɗai ba ce magana. Wanda ya shekara biyu a ɗaki, ban ga an kore shi da fatar baki ba. Je ki tambayi masu ba da shawarar shari'a kyauta. Kar ki ce ni na faɗa."

Washegari na sayi kwaɗo na rufe ɗakina, na tafi ofishinsu. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin in shiga. Da matar da ke kan tebur ta miƙo min fom ta ce in sa hannu, sai na ce, "Don Allah, Anti, bari in karanta tukuna." Na zauna na fara daga layin farko.