Abin da Kanwa Ta Ci

…sai yatsana ya shige. Yatsa, Habu! Cikin ƙarfe. Ga ni kwance ƙarƙashin motar da ka sayar mini, bayana cikin taɓo, tsakanin Dungas da Magarya. Na danna babban ƙarfen da ke ɗauke da ita gaba ɗaya, ya ruguje kamar ƙanzo. Jan garin tsatsa na zubo mini a ido.

Kada in yi tari. In na yi tari maƙwabtan da suka rako ni za su leƙo.

Daidai bisa kaina matata Hinda ke nishi. Kwana biyu tana naƙuda. Yakura ungozoma ta ce da hantsi, wannan ya fi ƙarfin hannuna, ku kai ta gidan likita Magarya. Na ce ai da sauƙi, muna da mota. Muna da mota! Har da buga ƙirji na faɗa.

Ƙas! Haka na ji da muka fito daga wancan kwari, bayan motar ya karkace kaɗan. Na ce musu bari in duba taya.

Kwalta… ka shafe ta da kwalta, baƙa ƙirin, mai kauri, har lungun da hannu ba ya kaiwa. Wannan ba aikin gaggawa ba ne. Ka kwanta nan inda nake kwance, ka ga abin da nake gani, ka ɗauki lokacinka. Ruwan daminar bana ne ya ɓare ta. Kuma wa ke neman tsatsa a ƙasar nan? Gatarina ya shekara bayan rumbu bai yi komai ba. Yadda muke duba bijimi a kasuwa haka na duba ta — na zagaya, na bugi ƙafafu, na saurari numfashin inji. Wa ke leƙa cikin bijimi?

Shekara nawa tana yi maka jigilar kanwa zuwa Kano? Jiƙaƙƙiyar kanwa, buhu kan buhu, ruwanta na tsiyaya ta cikin katako, yana sauka nan, nan, nan. Na san kanwa na cin ƙarfe. Kowace mace mai tukunya ta sani. Ban haɗa ba.

A'a. Ba wannan ne ke ƙona ni ba.

Ka faɗa. Ai ka faɗa! Tashar Waca, ranar kasuwa, ranar da na saye ta, mutane cike, ka dafa kafaɗata: "Hamman bawana, tsohuwa ce fa, cikinta duk ya ruɓe kamar naka." Kowa ya tuntsire. Ni na fi kowa dariya, har na rama, na ce ta fi uban gidanta lafiya. To me zan yi? Ɗan gwaggona ne kai, taubashina. Tun muna kiwo ba ka taɓa gaya mini magana ba sai cikin wasa. Ka ce shanuna karnuka ne. Ranar aurena ka ce Hinda makauniya ce da ta yarda da ni. Wa ke ɗaukar maganar taubashi? Ka san da haka. Ka ɗauki gaskiya ka sa ta a wuri guda da ka tabbata ba zan duba ba.

Gobe gaban Maigari sai ka ce, na gaya masa gaban shaidu. Kuma ba ka yi ƙarya ba. Kuma wane mahaukaci ke kai ƙarar taubashinsa? Dariya za a sake yi mini.

Shanun da fari ya rage mini na sayar na biya ka, Habu. Har farar saniyar da Inna ta ba ni. Kai ka riƙe igiyarta zuwa kasuwa, kana tsokanata a hanya… Na tsane ka. Wallahi yau na tsane ka, kuma har yanzu in na tuna muryarka bakina na neman murmushi. Wannan ya fi ciwo.

Nishin Hinda ya tsaya. Me ya sa ya tsaya? — A'a, ga shi. Alhamdu lillahi. Ya yi rauni.

Ƙafafu nake gani. Takalmin roba na Sallau, faso a dugadugan Muttaƙa. Maƙwabtana, sun bar noma don su tura ni inda taɓo ya kama. Ƙorama na gaba, ba zan haye ta ni kaɗai ba. Mazauninsu a baya, daidai kan karayar nan. Sallau 'ya'yansa biyar. In na gaya musu za su sauka — ko su ƙi sauka don kunya, ban san wanda ya fi muni ba. Amalanke? Sai gobe. Hinda ba ta da gobe.

In na bi a hankali… in na kauce wa ramuka… wataƙila ta kai. Ta kawo mu nan ai. Wataƙila. Haka ka ce wa kanka, ko? Wataƙila ta kai shi.

Hannuna — yaushe ya ɗebo taɓo? Ga shi yana cusa wa ramin, yana shafewa, yana lailayewa da kyau kada wani ya leƙo ya gani.

"Hamman, lafiya dai?" Sallau ne, ya sunkuyo.

Ina jan jiki ina fitowa. Rana a idona. Ina jin bakina yana buɗewa, da dariya a cikinsa, irin taka sak:

"Ku hau, ku hau. Tsohuwa ce, cikinta…"

Suna dariya, Habu. Suna hawa.