Na Roba Suka Sa wa Inna

Tun da aka dawo da Inna Atine gida Gummi daga babban asibitin birni, 'yarta Lubabatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Kai, ko tukunya ta ɗora sai ta ƙone!

Ciwon daji ne ya toshe wa Inna hanyar matsarmama, idanunta suka koma ruwan ɗorawa, jiki ya kama ƙaiƙayi. Likitoci suka zura na'ura ta baki, suka sa ɗan bututu ya buɗe hanyar. Sati guda, ƙaiƙayi ya tafi, ido ya washe, maƙwabta sai zuwa barka suke.

To ita Lubabatu nas ce a Anka, kuma wani sanin, wallahi, masifa ne. Takardar sallama ta ce bututun na roba ne. Ta san ƙa'idar: mai sauran kwana na ƙarfe ake sa masa, don ya fi daɗewa bai toshe ba. Na roba na wanda ba a sa ran zai wuce 'yan watanni ne.

Amma ai ta sha jin cewa ba kowane asibiti ke bin ƙa'idar ba. Wasu abin da ke hannu kawai suke cusawa. Ita da kullum take masifa kan masu aikin ganin dama, yau ga ta tana roƙon Allah ya sa 'yan ganin dama Inna ta faɗa hannunsu.

Kwana uku tana kiran likitan da ya yi aikin, tana zagaye gida neman sabis. Ran na huɗu ya ɗauka.

"Likita, na ƙarfen ne ya ƙare muku?"

Ya ce, "Muna da shi, Sista."

"To ko dai mantuwa aka yi?"

"Ba mantuwa. Mu ƙa'ida muke bi." Ya sassauta murya. "Ku kula da ita."

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tana ware manyan ƙwayoyi cikin ƙwarya.

"Mi ya same ki, ɗiyata, kike ta safa da marwa? Zo ki kama mini. Wagga ta iri ce, kar kowa ya taɓa ta sai ruwa ya sauka."

Kaka aka gama jiya-jiya. Ruwa sai nan da wata shida.

Lubabatu ta jawo tabarma ta zauna, ta sa hannu cikin gyaɗar.