Waƙa ta Huɗu a Ɗakin Baba Ambrose

Waƙa ta huɗu ta sake zagayowa, Inna Yagana ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ne ya raba ta da Baba Ambrose, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a gidan hayarsu na bakin Fagge. Tun da 'yarsa ta aiko masa da 'yar sifika mai memori ya hana kowa sakat da waƙoƙin coci. Yagana ba ta jin ko "zo" da Ibo, amma dole ta haddace jerinsu kaf. Ta huɗun nan ita aka rera ranar binne matarsa, kuma bai taɓa bari ta yi nisa ba. Da ta ɗauko sai ya danna ta wuce. An ce a goge masa ita, ya ƙi fur.

Jiya da la'asar Yagana ta ji ta har ƙarshe, ta ce a ranta tsoho ya fara dangana. Yau kuwa sau uku ke nan tun safe tana kaiwa ƙarshe.

Ta fito tsakar gida ta tarar da Hambali, mai gidan, yana alwala.

"Malam Hambali, a ɓalle ƙofar Baba."

"Inna, mutumin da yake jin kiɗansa? Shekaranjiya ma sai da ya wanke ni tas don na ƙwanƙwasa masa."

"Ba shi yake ji ba. Sifikar ce take yi ita kaɗai."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar, ya ajiye buta.

Ɗakin tsaf yake. Sifikar tana kan tebur a jikin caji. Baba Ambrose yana ƙasa, tsakanin gado da bangon Yagana. Hambali ya zare wayar cajin, amma muryoyin matan da ke rera waƙar suka ci gaba, don babu wanda ya san inda ake kashe ta.

Aka kira Blessing, nas ɗin da ke ɗakin ƙarshe. Ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta daɗe.

"Ya tafi," in ji ta. "Amma da sauran ɗumi a jikinsa. Ba a fi awa ɗaya ba."

"Tun jiya fa ya faɗi," Yagana ta ce.

"To, tun jiya yana nan da ransa, Mama."

Sai a lokacin Yagana ta ga cokali a hannunsa. Daidai inda hannun ya iya kaiwa, fentin bangon ya ɓare ya yi fari. Ta tuna jiya waƙar ta zo mata da wani ɗan ƙwas-ƙwas da ba ta saba ji ba, har ta riƙa bin sa da ƙafa. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta fara tattara ɓarɓashin fentin a tafin hannunta.