Wa Zai Yi wa Nafisat Guɗa?

Saura kwana huɗu a kai yayata Nafisat ɗakin mijinta a Roni, gaisuwa ta ja wa Gwaggo Rahamatu jinya. Tana cikin adaidaita a bakin kasuwar Kazaure sai ta hango wani dattijo, aminin marigayi kakanmu. Gwaggo kuwa ba ta iya taƙaita gaisuwa ba. An wuce shi, amma ta murɗa wuya baya tana ta "Ina gajiya, Baba? Ya iyali?" Ba ta kai ga jikoki ba wata mota ta daki adaidaitar ta baya. Kanta ya yi baya ya dawo gaba, haƙoranta suka haɗu ƙas.

Ta sauko garau, har ta wanke direban tas. Washegari wuya ya sandare, muƙamuƙi ya riƙe, cokali ma da ƙyar yake shiga. Likita ya ce babu karaya, fizgar ce ta wahalar da jijiyoyin wuya da mahaɗar muƙamuƙi. Ya ɗaura mata abin tallafe wuya, ya hana ta taunar nama da buɗe baki sosai.

"Guɗa fa?" ta tambaya ta tsakanin haƙora.

"Sai bayan wata guda, Hajiya."

Nan hankalinmu ya tashi. Shekara talatin babu amaryar da ta bar gidanmu sai da guɗar Gwaggo, ga Nafisat ta rantse ba za ta fita shiru kamar mai zuwa cefane ba.

Sai muka shirya gwaji a tsakar gida, Gwaggo na alƙalanci daga kan tabarma, tana juyowa da jiki duka in za ta kalli mutum. Lailatu, matar ƙanen babanmu, ta kama hanci ta saki wani abu kamar zakara mai mura. Da na gwada tawa, akuyar maƙwabta ce ta amsa. Muka zube muna dariya, Gwaggo ta tallafe haɓa da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Sadiqa, don Allah ku bari, za ku ƙarasa ni!" ta ce mini.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motoci suka jeru. Nafisat ta iso bakin zaure a lulluɓe ta tsaya cak. Gwaggo ta daure ta kama hanci, amma tana buɗe baki zafi ya sa ta runtse ido. Gida ya yi tsit. Wallahi tausayin su biyun ya kama ni.

Sai guɗa ta tashi daga ɗakin Inna, doguwa, tas, mai ratsa kai.

Innarmu fa, wadda ba ta taɓa kiran sunan Nafisat ba saboda kunyar 'yar fari, wadda tun safe ta shige ɗaki kamar bikin maƙwabta ake yi. Mata suka kaure da shewa. Nafisat ta fashe da kuka, ta taka ta fita.

Gwaggo ta juya da jiki duka ta fuskanci labulen.

"Ke! Ashe kin iya, kika bar ni da aikin shekara talatin?"

"Ba ni ba ce, Yaya," in ji Inna daga ciki. "Ku tafi da ita, kada dare ya yi muku a hanya."