Abin da Saksafon Ya Faɗa wa Baba Tchakoura

A farkon shekarun 1980 Issifou yana da ɗan shagon kaset a Zongon Lome. A makarantar Faransanci ya kamu da son kiɗan jaz, musamman sabon salon nan da ake gauraya shi da jitar lantarki. Faya-fayansa daga hannun ma'aikatan jirgin ruwa yake samo su a unguwar Adakpamé, ya zo ya juye su a kaset. Duk wanda ya shigo neman kiɗan biki sai ya sha wa'azi.

"Tsaya in sa maka na biyu a bayan wannan faifan. Saurari yadda mai ganga yake shigowa a makare, da gangan fa!"

Mutane su ce to, su sayi abin da ya kawo su, su fice. Yayarsa Zuhura takan ce kiɗan nasa kamar an saki awaki a ɗakin kwanoni.

Wata rana bayan la'asar Baba Tchakoura ya shigo. Tsohon direban babbar mota ne, yanzu kuma shugaban reshen jam'iyya na unguwa. Jam'iyyar ɗaya ce a ƙasar, kowa ɗanta ne ko bai nema ba. Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ɗana, ƙara aka kawo mini. An ce kullum kana sa kiɗa marar magana. Kiɗan kirki yana faɗin wanda yake yabo. Naka me yake ɓoyewa?"

 Issifou ya san mutanen da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba.

"Yana magana, Baba. Da bakin saksafon yake yi."

"To, sa mini, ka fassara."

Issifou ya ɗora faifan da ya fi ƙauna. Busar saksafon ta fara a hankali. Issifou ya ce wannan kira ne ga haɗin kan ƙasa. Ganguna suka shigo, ya ce aikin titi ne ake yi. Da kowa ya yi shiru aka bar mai biyano shi kaɗai, ya ce shugaba ne yake jawabi, talakawa suna saurare. Tchakoura ya gyaɗa kai.

Sai aka zo wurin da Issifou ya fi so a duniya, inda jita da saksafon da ganga kowa ya kama gabansa, suna ihu a kan juna kamar za su tsaga lasifika. Tchakoura ya haɗe gira.

"Wannan rigimar fa?"

"Zamanin da ne, Baba. Lokacin jam'iyyu barkatai, kowa da bakinsa. Ji yadda za su dawo kan hanya ɗaya."

Suka kuwa dawo. Tchakoura ya buga cinya. "Wallahi haka aka yi! Ina nan a lokacin."

Shi ne mutum na farko da ya taɓa sauraron faifan har ƙarshe. Daɗi ya kwashe Issifou, ya manta tsoro, ya shiga ciro wasu yana cewa wannan ya fi a wajen ganga, wancan kuma a ji shi da safe. Tchakoura ya ce na farkon ya isa, shi za a sa ranar da babban baƙo zai zo daga hedikwatar jam'iyya.

Zuhura ce take jagorantar matan da ke rawar tarbar manya. Ranar da suka fara gwaji da kiɗan ta shigo shago tana ɗingishi.

"Kai Issifou, Allah ya isa. Duk inda na sauke ƙafa sai in tarar kiɗan ya riga ya tashi daga wurin."

"Yaya, kada ki bi ganga, ki bi..."

"Zan bi ka da muciya."

Ranar taro mata suka jeru cikin anko a tsakar rana, aka saki kiɗa a lasifika. Wasu suka yi hagu, wasu dama, wata tsohuwa ta tsaya cak tana tafi kawai. Tchakoura yana tsaye kusa da baƙo yana fassara masa a kunne. Baƙon bai ji titi ba, bai ji haɗin kai ba, amma bai ga dalilin da zai zama shi kaɗai ne bai ji ba a gaban jama'a. Ya yi ta gyaɗa kai, har ya ce ai tun yana ɗalibi ya san wannan saƙon.

Da aka iso wurin hargitsin, Tchakoura ya ɗaga hannu ya yi tsawa: "Ga zamanin rarrabuwa nan! Ku nuna masa!" Filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu da tofin Allah tsine. Issifou yana tsaye bayan na'ura, idonsa ya cika da hawayen takaicin yadda ake tsine wa wurin da ya fi so. Baƙon ya hango shi, ya ce a rubuta sunan wannan matashi mai kishin ƙasa.

Bayan mako guda umarni ya sauko: kiɗan ya samu karɓuwa, amma a yanke wurin rigimar, kada ya tuna wa mutane abin da ya wuce. Issifou aka ba aikin. Ya zauna da reza yana yanke zaren kaset yana liƙewa. Shago ya cika da masu neman "kiɗan jam'iyya", domin kowane mai shago yana son a ji shi a bakin ƙofarsa. Ba wanda ya tambayi sunan mai busar.

Wata safiya Tchakoura ya dawo. Ya jira har masu saye suka ragu, sannan ya matso ya rage murya.

"Wanda ba a yanke ba, yana nan?"

"Na ajiye guda, Baba. Zan ƙona shi yau."

"Kada ka ƙona. Juye mini, zan yi bincike a gida." Ya leƙa waje, ya dawo. "Tun ranar nan wurin yake yawo mini a kai. Wannan mai jitar ba shi da kunya ko kaɗan. Akwai wani da suka fi haka rashin jituwa?"

Issifou ya dube shi da kyau, sannan ya tura ƙofa, ya durƙusa ya jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

"Akwai wanda tun daga farko har ƙarshe ba su shirya ba, Baba. Zauna."