Silin Gashi a Kofin Ruwa

A layin kantin magani Malama ta ji maganar, tana riƙe da takardar maganin hawan jininta. Mata biyu ne a gabanta, ɗaya da goyo, ɗaya da jakar cefane.

"Mai kitson nan ta bakin kwana ai hannunta cin gashi yake yi," in ji mai goyon. "Duk kan da ta taɓa sai ya zube."

"Na ji. An ce jikar Malama ƙeyarta ta koma kamar tafin hannu."

"Uwar yarinyar ce ta faɗa da bakinta. Ni tuni na ɗauke nawa daga wurinta."

Ba su waiwayo ba, ita kuma ba ta yi gyaran murya ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ba ta taɓa cin karo da hannun da ke cin gashi ba. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne uwar yarinyar da ake magana 'yarta ce ta cikinta, wadda ta yi karatu har jami'a.

Da ta karɓi maganin sai ta bi ta bakin kwana. Ranar Asabar ce, ranar da a da ko wurin zama ba a samu a shagon, amma yau kujeru uku duk a bushe. Mai kitson tana zaune tana goge matajan da babu wanda ya ɓata.

"Yau kwana tara ban kama kan kowa ba, Mama," ta ce bayan sun gaisa. "Ƙarshen wata zan rufe."

"Me kika yi wa takwarata?"

"Kitso. Na dai ce wa Anti a riƙa wanke kan kafin a kawo min. Ta ce in yi aikina in bar mata nata."

Malama ta yi mata sallama. Ta tare mota sai gidan 'yarta.

Ta same ta a falo da waya a hannu. Takwara, 'yar shekara tara, tana ƙasa tana zane, ta ɗaure kai tamau har kan gira.

"Zo nan, tsohuwa," in ji Malama. "Cire ɗankwalin nan in ga abin da ake tallarsa a kantin magani."

"Ke ce dai tsohuwar," in ji yarinyar, amma murya ƙasa ƙasa. Ta zo ta durƙusa.

Warin ne ya fara isowa, hamamin man da ya daɗe ya yi tsami, gauraye da gumi. Cikin ɗankwalin ya yi baƙi yana sheƙi. Malama ta kau da kai, sannan ta gyara tabarau. Da ta ja farce a tsagar kitson sai ga wata dauɗa mai danƙo, toka toka, ta cika mata ƙarƙashin farce. Ta duba abin, ta dubi 'yarta.

"Yaushe rabon kan nan da ruwa?"

"Wata huɗu ne, Mama, amma ba ki gane ba. Gashinta ba ya shan ruwa. Na gwada."

"Kin gwada."

'Yar ta tashi da zafinta ta ɗauko kofin gilashi cike da ruwa. Ta ciri sili ɗaya daga mataji ta ɗora a kai. Silin ya kwanta a saman ruwan abinsa.

"Kin gani? In ya nutse, gashi ne mai shan ruwa. In ya yi iyo, ƙofofinsa a rufe suke, ruwa ba ya shiga. Kowa ya san wannan, a waya ma an nuna. To me amfanin in yi ta jiƙa shi tana mura? Shi ya sa na koma mai."

Ta nuna wata roba a kan tebur. Malama ta buɗe murfin ta mayar da sauri. Man kitso ne da aka cakuɗa da wasu mayukan, ga shatin yatsu a ciki, ga gashi, samansa ya yi ruwa ruwa.

"Ba ni allura," in ji Malama.

Ta dangwali man da ɗan yatsa tana yamutsa fuska, ta shafe allurar, ta ɗora ta a hankali kusa da silin. Allurar ta zauna a saman ruwan.

"Ita ma ƙofofinta a rufe suke ko?"

Takwara ta ƙyalƙyale da dariya. Uwar ba ta yi ba.

"Kofin nan maiƙo kawai yake nuna miki. Na koya miki wannan kina aji biyu, kina can kina gyangyaɗi. Bayan mai, me kuma kika sa mata?"

Yarinyar ce ta amsa. "Rilaksa, man miƙar da gashi. Sau biyu. Ta ce zai buɗe shi. Akwai zafi, Kaka."

Malama ta naɗe hannun riga ta ja yarinyar zuwa banɗaki. Tsefewar kawai ta ci rabin awa, gashi yana kakkaryewa yana bin yatsunta. Ruwan wankin farko ya fito kamar na wanke tukunya, sabulu ya ƙi kumfa. Na biyu ma haka. Sai a na uku fatar kan ta bayyana, da jajayen tabo inda rilaksa ya ƙona ta. Malama ta tofar da yawu a magudana ta kira 'yarta.

"Matso ki gani da idonki. Kawo hannu."

Ta kama yatsun 'yar ta bi da su kan sili ɗaya, daga tsini zuwa tushe. Can sama kaushi ne kamar igiyar buhu. Kusa da fata, wajen tsawon gaɓar yatsa, sabon tofo ne mai santsi, a murɗe.

"Kowane sili yana da rufi, jere kamar kwanon ɗaki, wani kan wani. Lafiyayye a kwance yake, ruwa ya shiga a hankali ya daɗe a ciki. Rilaksa ya ɗaɗɗage na wannan kamar an yi iska. Yanzu ruwa zai shiga nan take, ya fice nan take. Dubi tsinin, har ya fara bushewa, tushen kuma da sauran danshi. Gashin da ya fi kowanne ƙishi kika hana ruwa. Mai ba ya jiƙa komai, tsare abin da ya tarar yake yi. Ke kuwa bushewa ya tarar."

Ta ja silin kaɗan. Ya tsinke daidai inda sabon tofon ya haɗu da tsohon.

"Mai kitso a ina take kama gashi?"

"A tushe," in ji 'yar, da ƙyar.

"Ina ne ya rage da lafiya?"

'Yar ta dubi tushen gashin. Can ta ce, "Ni fa ban ce tana da mugun hannu ba. Na dai ce tun da ta yi mata kitso gashin yake zubewa."

"A wajen wa kika faɗa?"

"A zauren iyayen 'yan ajinsu, na waya."

Malama ta yi tsaki. Ta shafa wa kan mai kaɗan daga 'yar kwalbar da ke jakarta tun yana da danshi, ta tura robar nan cikin kwandon shara da ƙafa.

"Duk mako a wanke. Mai ɗan kaɗan, a kan jiƙaƙƙen gashi. Rilaksa kuma ko a hanya kuka haɗu ki tsallaka titi. Gashin da ya mutu sai almakashi. Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Inda almakashin yake."

"Mama, don Allah. Sai na sa a zauren cewa an samu rashin fahimta."

"Ba a samu ba."

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa bakin kwana. Ganin su uku sun nufi shagon ya sa matar mai kantin sabulu ta leƙo, telar da ke maƙwabtaka ta tsayar da kekenta, wasu mata biyu masu wucewa suka rage tafiya. Mai kitson ta miƙe, mataji a hannu. Malama ta zaunar da Takwara a kujerar tsakiya ta zare mata ɗankwali.

"Saisaye mata duk wanda ya mutu, ki bar tushen."

Ta juya ta dubi 'yarta, ta ba ta lokaci. 'Yar tana kallon takalminta. Sai Malama ta fuskanci matan da ke bakin ƙofa, ta yi magana da muryar da take kiran sunayen 'yan aji.

"Ba hannunta ba ne. Wata huɗu ba a wanke kan yarinyar nan ba, an kuma sa mata rilaksa sau biyu a gida. 'Yata ce ta yi."