Dagin Katako

Mai Sawu ya durƙusa a bakin rafi, ya danna dagin katakon cikin jiƙaƙƙen yashi, ya ɗaga, ya ja gwiwa gaba ya sake dannawa. Aikinsa ke nan kowace safiya kafin baƙi su gama shan shayi: sawu goma sha biyu daga gindin ɓaure zuwa bakin ruwa, sannan ya share nasa da reshe. In an jima zai dawo da mota cike da masu yawon buɗe ido, ya sauka yana sanɗa, ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Yanzun nan ya bar wurin." Su kuwa su yi ta ɗaukar hoto, har da masu riƙe numfashi.

Shekara bakwai rabon gandun dajin nan da zaki. Amma hoton zaki ne a ƙofar shiga, shi ne a jikin motoci, shi ne a aljihun kakin ma'aikata. Manajan wancan lokaci ya ce ba zai yiwu mutum ya taso daga uwa duniya ya koma gida da labarin gwanki da biri kawai ba, sai ya sa kafinta ya sassaƙa dagin. Da aka kawo, Mai Sawu ya ce ai zaki ba ya barin farce a ƙasa, maƙale abinsa yake yi in yana tafiya, kamar kyanwa. Aka ce masa wannan surutun mutanen daji ne, baƙi farata suke son gani. Aka mayar wa kafinta ya ƙara huɗu, zaƙo-zaƙo. An canja manaja sau biyu tun daga nan, kowa ya zo sai ya gaji dagin tare da tebur da kujera, ba ya tambaya.

Yana gab da danna na tara hannunsa ya tsaya cak. Taku ɗaya a gabansa akwai sawun da ba shi ya yi ba. Ya fi nasa ƙanƙanta, ya fi shi nutsewa, gefensa bai ko bushe ba. Ya bi shi da ido, sai ga waɗansu ƙanana suna karkacewa a bayansa, na 'ya'ya biyu masu wasa a hanya. Duka sun haura busasshiyar ƙorama sun nufi duwatsu.

Direba, wanda ke jiransa a mota, ya gaji da jira ya sauko.

"Baba, lafiya? Ko bayan ne ya riƙe?" Ya leƙo. "Kai, wannan ya lalace, ko farce babu."

"Shi ya sa ya zama na gaske," in ji Mai Sawu. "Zakanya ce, da goyo."

Ya ɗauki reshe ya hau sharewa da sauri, har ya haura cikin ƙoramar yana ja da baya. Bai ga lokacin da Direba ya zaro waya ba.

Kafin su isa sansani hoton ya riga su. Manaja yana tsaye a ƙofar ofis, baki har kunne, ya ja Mai Sawu ciki ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, yau Allah ya dube mu! Ka san Ciyaman ɗin hukumar gandu yana nan da baƙinsa, mota shida. Ƙarfe goma za ka kai mu har inda take."

"Ba zan kai ku ba, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. Da ya ga fuskar tsohon sai ya daina.

"Me ka ce?"

"Shekara bakwai kuna sa ni ina nuna zakin da babu, na nuna. Yau akwai, kuma ba zan nuna ba."

Ba sai an gaya wa Manaja dalili ba, kowa a sansanin ya san labarin Mai Tabo, zaki na ƙarshe. Mai Sawu ne yake gano shi kullum, shi yake kai motoci su yi masa zobe, injuna suna kuka, yara suna ihu. Da ya fara gudun mutane sai aka koma jefa masa cinyar saniya don ya tsaya a yi hoto. Ya saba, ya daina tsoron kowa, ranar da ya ji yunwa ya tsallake iyaka ya shiga garken shanun mutane. Bayan kwana uku aka zuba wa mushen saniyar da ya kashe guba. Mai Sawu ne ya tsinci gawarsa, ungulaye goma sha ɗaya a mace kewaye da shi. Har yau in ya tuna sai ya ji kamar shi ya zuba gubar, kuma bai taɓa yarda wani ya rarrashe shi a kan haka ba.

"Mai jego ce," ya ce. "Mota ɗaya ta ishe ta ta kwashe 'ya'yanta. Bayan duwatsun nan kuwa babu komai sai iyaka da shanun mutane."

"Daga nesa za mu tsaya."

"Haka aka ce wancan karon."

Manaja ya miƙe ya rufe ƙofa. Ya sassauta murya, ya ce shi ma yana da na sama da shi. Ciyaman ya riga ya ga hoton, ya gaya wa baƙinsa. Sannan ya tuna wa Mai Sawu cewa ɗaki biyun da yake ciki a kwatas na ma'aikata ne, kuma akwai samari masu takarda da ke jiran gurbi.

"Su kai ku mana, tunda suna da takarda."

"Baba, kada ka kai ni bango. Ƙarfe goma, ko ka hau mota ko ka ajiye kaki."

Mai Sawu ya ɗauki buhunsa da dagin ke ciki ya fita. A baranda ya ci karo da Direba, wanda ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Baba, wallahi murna ce ta ɗebe ni."

"Ta ɗebe ka ta zubar da mu," ya ce, bai tsaya ba.

Matarsa tana shanya a bayan ɗaki ya same ta. Ya gaya mata an ga sawun zakanya, an ce ya kai baƙi, ya ƙi, an ce ya zaɓa. Ta matse wandon kakinsa ta yarfa shi a igiya.

"Shekara bakwai ina dirzar gwiwar wandon nan saboda zakin kafinta. Ashe dai zan huta."

"Ba wasa nake ba. Gidan za su karɓe."

"To, Malam, me ke cikinsa? Katifa ce, da tukwane, da rediyon da ba ya kama komai sai in an mare shi." Ta juyo ta dube shi sosai. "Ni dai kada ka sake dawo mini da fuskar da ka dawo da ita ranar Mai Tabo. Wata uku ina dafa abinci ina zubarwa."

Ya zauna a kan turmi. Ƙin zuwa ba zai wadatar ba, ya sani. In ya ajiye kaki, gobe za a tura samari su bazu cikin ƙorama da babura har su yi tuntuɓe da ita. Muddin an yarda tana nan, ba za a bar ta ba. Ya dubi buhun da ke tsakanin ƙafafunsa, ya daɗe yana dubansa.

Ƙarfe goma saura ya fito cikin kakinsa mai guga, buhu a kafaɗa. Manaja ya sauke ajiyar zuciya, har da dafa masa kafaɗa.

Motoci shida suka jeru suka shiga daji. Ciyaman yana gaba, ƙato ne mai faffaɗar hula da tabarau mai hangen nesa rataye a wuya, wanda tun da aka tashi bai ɗora shi a ido ba. Suka wuce garken gwanki a fili, suka wuce ɓauna suna kwance cikin taɓo, tsuntsaye a gadon bayansu. Wata giwa ta tsallaka hanya da ɗanta, Direba ya taka birki, wata mata a baya ta yi salati. Mai Sawu yana ta bayani yadda ya saba, wannan itacen giwa ce ta ɓare shi, wancan ramin na mugun dawa ne, amma babu mai sauraro.

"Malam, bar mu da aladun nan," in ji Ciyaman. "Ina zakin?"

A bakin rafi aka tsaya. Kowa ya sauko, aka yi cincirindo a kan sawu takwas ɗin da Mai Sawu ya danna da safe. Wayoyi suka fito. Manaja ya gyara murya ya ce wannan tsohon da suke gani, shekara talatin yana karanta ƙasa, kuma yanzu zai bi sawun nan ya kai su har inda zakanya take.

"Ba sai mun yi nisa ba," in ji Mai Sawu. "Yana nan tare da mu."

Mutane suka ja da baya, wani ya kama ƙofar mota. Shi kuwa ya kwance bakin buhu, ya zaro dagin katakon ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. Ya durƙusa, ya danna shi kusa da na takwas, ya ɗaga. Sawu na tara ya fito, bai bambanta da 'yan'uwansa da komai ba.

"Ga zakinku. Kafinta ne ya haife shi, ni nake kiwonsa. Ba ya ci, ba ya sha, a buhu yake kwana. Duk wanda ya zo gandun nan cikin shekara bakwai ya ce ya ga sawun zaki, hannuna ya gani."

Sannan wata tsohuwa cikin baƙin ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce a ba ta ita ma ta danna, jikokinta su ga zakin da ta yi. Wani ya ce bara ya zo da iyalinsa, hoton sawun nan yana rataye a falonsa, a cikin gilashi. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya juya ga Manaja, wanda gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, wannan daban," in ji Manaja, yana lalubar waya. "Wannan tsohuwar dabara ce, na tarar da ita. Amma na yau na gaske ne, ga hoton, ai na tura maka."

Ciyaman ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya dube shi, ya dubi sawun da ke ƙasa, ya sake duban hoton.

"Ni za ka mayar yaro? Wannan ai ko ƙaryar ba a iya ba. Ina faratan? A ina ka taɓa ganin zaki babu farce?"

Manaja ya leƙa. Shekara uku yana kallon sawun zaki kowane mako, kuma kowanne da faratansa huɗu.

"Wa ya ɗauki hoton?" in ji Ciyaman.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Direba.

"To, kai ka gaya mini. Na gaske ne?"

Mutum ɗaya ne a wurin ya san amsar ban da Mai Sawu, kuma da bakinsa ya koya masa ita da safen nan. Mai Sawu bai ko ɗaga kai ba, yana ta kakkaɓe yashi daga jikin katakon. Direba ya buɗe baki, ya dubi tsohon.

"Ni tuƙi na sani, ranka ya daɗe. Na ga rami a yashi na ɗauka."

Ciyaman ya cilla wa Manaja wayarsa ya ce a juya motoci, a kai baƙinsa wurin dorina, ita dai ba kafinta ya yi ta ba.

Takardar ta fito kafin la'asar. Rashin ɗa'a da zubar da mutuncin wurin aiki, kwana uku ya bar ɗaki. Mai Sawu ya sa hannu, ya ninke kakinsa ya ajiye a teburin Manaja, ya ɗora dagin a kai.

"Wannan ma kayan ofis ne," ya ce.

Da ya isa gida ya tarar matarsa ta riga ta sauke labule, tukwane suna cikin kwali. Ta dubi fuskarsa kafin ta dubi takardar, sannan ta miƙo masa igiya ya ɗaure katifa.

"Yanzu gandun da zaki ko babu?"

"Ciyaman ya ce babu."

"Ai shi ya sani." Ta danne masa katifar da gwiwa yana jan igiya. Can ta rage murya, ko da yake babu kowa kusa. "Na san ka, ba don ita kaɗai za ka watsar da gida ba. 'Ya'yan nawa ne?"

Ya ƙulle igiyar, ya gwada ƙarfinta.

"Biyu," ya ce. "Ɗayan ma bai iya tafiya daidai ba tukuna."